Anton de Bary: Likitan da ya bar duba marasa lafiya ya gano sirrin zaman tare tsakanin halittu

A watan Satumba na shekarar 1878, masana kimiyya da likitocin ƙasar Jamus suka hallara a birnin Kassel domin taronsu na shekara-shekara. Cikin waɗanda suka gabatar da lacca akwai wani shehun malamin ilimin tsirrai daga Jami'ar Strasbourg, mai shekara 47 da haihuwa, wanda sunansa ya riga ya zagaye Turai saboda tona asirin cututtukan dankalin Turawa da alkama. An san shi da farautar ƙananan halittun da ke kashe amfanin gona, amma a wannan rana sai ya zo da wata magana dabam. Ya nuna wa mahalarta cewa halittar da ke cutar da mai masaukinta, da wadda ke zaune tare da shi ba cuta ba riba, da wadda ke amfanarsa tana amfana, duk rassa ne na al'amari guda, wato zaman tare tsakanin halittun da jinsinsu ya bambanta. Ya kira wannan al'amari da kalmar da ta samo asali daga harshen Girkanci, simbiyosis, wadda har yau ɗaliban kimiyya ke karantawa a kowace nahiya.

Sunan wannan malami Heinrich Anton de Bary. Ana ɗaukarsa a matsayin uban ilimin cututtukan tsirrai, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tubalin nazarin fumfuna da danginta. Darasin rayuwarsa ɗaya ne, kuma ya maimaita shi a kowane bincike da ya yi: ba a yanke wa wata halitta hukuncin abokiya ko maƙiyiya sai an bi rayuwarta daga farko zuwa ƙarshe, an ga abin da take ɗauka da abin da take bayarwa.

Haihuwa da karatu

An haifi de Bary ranar 26 ga watan Janairu na 1831 a birnin Frankfurt. Mahaifinsa, August Theodor de Bary, likita ne, kuma shi Anton ɗaya ne daga cikin 'ya'ya goma na gidan. Tun yana yaro ya shaƙu da masu sha'awar tsirrai na birnin, yana binsu daji tattara ganyaye da furanni. Wanda ya fi tasiri a kansa shi ne Georg Fresenius, likita mai koyar da ilimin tsirrai a cibiyar Senckenberg, wanda ya karkata hankalinsa ga halittun da mutane ba su cika kulawa da su ba, irin su gansakuka da fumfuna.

Bayan ya gama sakandare a 1848, ya karanta likitanci a Heidelberg da Marburg, sa'an nan ya koma Balin a 1850, inda ya zauna a gaban masanin tsirrai Alexander Braun. Ya sami digirinsa na likita a 1853, amma kundin da ya rubuta a kan yadda tsirrai ke hayayyafa ne, abin da ya nuna inda zuciyarsa take. Ya koma Frankfurt ya fara duba marasa lafiya, sai dai bai daɗe ba ya ajiye aikin. Ya tafi Jami'ar Tübingen ya zama ƙaramin malami marar tsayayyen albashi a kusa da Hugo von Mohl, gwanin nazarin sassan jikin tsirrai. A 1855, yana ɗan shekara 24, aka kira shi Jami'ar Freiburg ya gaji Carl Nägeli. A can ya kafa ɗakin gwaje-gwajen tsirrai wanda yake cikin na farko-farko a duniya, inda ɗalibi ke zama da madubin ƙara girma yana kallon halitta da ranta, maimakon haddace sunayen busassun ganyaye. A 1861 ya auri Antonie Einert, suka haifi 'ya'ya huɗu.

Wa ya riga wani, cutar ko ƙwayar?

Domin a fahimci girman aikinsa, sai an san abin da masana suka yi imani da shi a wancan zamani. Kowane manomi ya san tsatsar da ke fitowa a ganyen alkama, ya kuma san baƙin garin da ke cinye zangarniya, irin wanda manoman dawa a ƙasar Hausa ke kira burtuntuna. Masana ma sun ga ƙananan ƙwayoyin da ke cikin wannan gari. Gardamar ita ce asalinsu. Ra'ayin da ya fi rinjaye, wanda masanin ƙasar Ostiriya Franz Unger ya ƙarfafa a littafinsa na 1833, shi ne cewa ruwan jikin shuka ne ke lalacewa saboda sanyi ko laima ko rashin kyawun ƙasa, sa'an nan lalataccen ruwan ya rikiɗa ya zama tsatsa. A wannan fahimta, fumfuna 'yar cuta ce, ba uwarta ba. Tun a 1807 wani masani mai suna Bénédict Prévost ya nuna cewa ƙwayoyin burtuntunar alkama suna tsiro, kuma ruwan da ke da sinadarin tagulla yana hana su, amma ba a saurare shi ba.

A shekarar da ya gama karatu, 1853, de Bary ya wallafa littafi a kan tsatsa da burtuntuna, yana ɗan shekara 22. A ciki ya kafa hujja cewa waɗannan halittu ne masu zaman kansu, masu iri da tsiro da girma, kuma su ne ke shiga lafiyayyar shuka su haifar mata da ciwo. Bambancin ra'ayoyin biyu ba na baki ba ne kawai. Idan cuta daga iska da laima take fitowa, manomi ba shi da abin yi sai haƙuri. Idan kuwa halitta ce mai iri, to ana iya wanke iri, a ƙone karan da ya kamu, a tare mata hanya.

Annobar dankali

Lokacin da de Bary ke ɗan shekara 14, wato a 1845, wata cuta ta afka wa gonakin dankalin Turawa a Beljiyam, ta bazu zuwa Holan da Faransa da Jamus da Ingila, ta tsallaka tsibirin Ailan. Ganye ya yi baƙi cikin 'yan kwanaki, dankalin da ke ƙasa ya ruɓe yana wari. A Ailan, inda talakawa suka dogara kusan kacokan a kan dankali, kuma mafi yawansa iri ɗaya, aka shiga yunwar da ta kai har 1852. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka yi ƙaura, akasari zuwa Amurka. Sakacin mahukuntan Landan da tsarin mallakar ƙasa sun ƙara wa bala'in nauyi, amma mafarinsa cutar shuka ce da ba wanda ya san kanta.

Wani limamin coci a Ingila, Miles Joseph Berkeley, ya rubuta a 1846 cewa farar fumfunar da ake gani a ƙarƙashin ganyen ita ce sanadi. Mashahurin masanin tsirrai John Lindley ya ɗora laifin a kan yawan ruwa da sanyin daminar. Aka shekara goma sha biyar ana ja-in-ja, kowa da hujjarsa, babu mai gwajin da zai raba gardama.

De Bary ne ya raba ta a 1861. Ya ɗebi ƙurar irin wannan halitta daga ganyen da ya kamu, ya shafa wa lafiyayyun shuke-shuke, ya bar wasu bai shafa musu ba, ya ajiye duka a cikin laima iri ɗaya. Waɗanda aka shafa wa suka kamu, sauran suka tsira. Bai tsaya nan ba. Ya zauna da madubi ya ga yadda ƙwayar irin ke fashewa a cikin ɗigon ruwa, ta saki 'yan ƙananan halittu masu iyo, su tsaya a kan ganye, su fitar da siririn zare ya huda fatar ganyen ya ratsa cikinsa. Ya nuna cewa ruwan sama na wanke ƙurar irin daga ganye zuwa ƙasa ta kama dankalin, kuma zarenta na kwana a cikin dankalin da aka ajiye domin iri, ya farfaɗo a shekara ta gaba. Ta haka ya bayyana gaskiyar da ke cikin maganar Lindley ma: laima ba ta haifar da cutar, amma ita ce hanyar da cutar ke bi. Wannan ya faru shekara 15 kafin Robert Koch ya tabbatar, a 1876, cewa bakteriya ce ke haifar da cutar saifa ta dabbobi. Wato a gonar dankali ma an kafa irin hujjar da daga baya ta sauya aikin likita.

A 1876, bayan wani sabon bincike da ƙungiyar manoma ta masarautar Ingila ta ɗora masa, ya raɗa wa halittar sunan da take amsawa har yau, Phytophthora infestans, wanda kashinsa na farko ke nufin mai hallaka shuka. A daidai lokacin wani masani a Ingila, Worthington Smith, ya yi shelar cewa ya gano ƙwayar irin da halittar ke samarwa ta hanyar barbara. De Bary ya duba ya ce abin da aka gani na wasu halittu ne da suka gurɓata gwajin, ya kuma bayyana cewa shi kansa ya nema bai samu ba. Sai a shekarun 1950, a ƙasar Meziko, aka gano dalilin: halittar tana da jinsi biyu, kuma ɗaya ne kaɗai ya isa Turai a wancan ƙarni. Masana na yau sun kuma tabbatar cewa ita ba fumfuna ce ta ainihi ba, ta fi kusa da wasu nau'o'in gansakukar teku, amma tsarin rayuwarta da de Bary ya zana bai sauya ba.

Tsatsa mai gida biyu

Shekaru aru-aru manoman Turai suna ƙorafin cewa alkamar da aka shuka kusa da wata ƙayar shinge mai suna baberi ta fi kamuwa da tsatsa. A birnin Rouen na Faransa an kafa dokar sare wannan ƙaya tun a 1660, haka ma yankin Massachusetts na Amurka a 1755. Masu ilimi da yawa sun ɗauki maganar a matsayin camfin ƙauye, domin tabon da ke fitowa a ganyen baberi bai yi kama da tsatsar alkama ba, har an ba su sunaye dabam-dabam a littattafai.

De Bary ya lura cewa baƙin irin da tsatsa ke samarwa a ƙarshen kaka, idan ya tsiro bayan hunturu, 'ya'yansa ba sa kama alkama. To ina suke zuwa? Sai ya ɗauki maganar manoma da muhimmanci, ya shafa su a ganyen baberi, sai ga tabon nan ya fito. Irin da ya fito daga tabon kuma shi ne ke komawa ya kama hatsi. A 1865 ya sanar da cewa halitta ɗaya ce mai sauya kama, wadda ke buƙatar masauki biyu da ba su da dangantaka kafin ta kammala zagayen rayuwarta. Manoman da aka yi wa dariya su ne da gaskiya.

Wannan bincike ya zama manufar gwamnatoci. Ƙasar Denmak ta kafa dokar kawar da baberi a 1903. Amurka, bayan mummunar annobar tsatsa ta 1916, ta ƙaddamar da gangamin tumɓuke shi a jihohin da ke noman alkama daga 1918. A 1927 wani masani a Kanada, John Craigie, ya gano cewa a kan baberi ne tsatsar ke barbara, inda sababbin nau'o'inta ke fitowa, wanda ya ƙara nuna hikimar gangamin. A ƙasashe masu ɗumi, inda ake samun ɗanyar alkama a mafi yawan shekara, tsatsar na iya rayuwa ba tare da baberi ba, shi ya sa ba a gama da ita ba. Nau'in da aka gano a Yuganda a ƙarshen shekarun 1990, wanda ake kira Ug99, ya tayar da hankalin masu binciken alkama a duniya baki ɗaya.

Halitta biyu a riga ɗaya

Duk wanda ya hau duwatsun Jos ko ya duba jikin tsohuwar bishiya a wuri mai laima ya ga wani ɓawo mai launin toka ko kore ko ruwan ɗorawa a manne, wanda masana ke kira laikin. An daɗe ana lissafa shi a matsayin tsiro guda mai zaman kansa. A littafinsa na 1866, de Bary ya kawo yiwuwar cewa wasu nau'o'in laikin gansakuka ce da zaren fumfuna ya ratsa ya sauya mata kama. Masanin ƙasar Siwizalan, Simon Schwendener, ya faɗaɗa wannan ra'ayi daga 1867 ya ce duk laikin haka yake, halitta biyu ne a riga ɗaya. Tsofaffin masanan laikin suka yi masa ca, wasunsu har suka mutu ba su yarda ba. Almajiran de Bary, Max Reess da Ernst Stahl, suka shiga ɗakin gwaji a shekarun 1870, suna haɗa irin fumfunar da ƙwayoyin gansakuka suna kallon yadda jikin laikin ke ginuwa daga haɗuwar.

Abin da ya ɗaure kai shi ne, a nan fumfunar ba ta kashe abokiyar zamanta kamar yadda take yi wa dankali. Gansakukar na haɗa abinci da hasken rana, fumfunar na ci daga ciki, ita kuma tana riƙe ruwa da ma'adinai tana ba da mafaka. Su biyun tare suna rayuwa a kan tsurar dutse, inda ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. Mutumin da ya shafe shekara ashirin yana nazarin ƙwayoyin cuta sai ya ga hanyar shiga iri ɗaya ce, zare ne ke ratsa jikin wata halitta, amma sakamakon ya sha bamban. Daga nan tunanin laccar Kassel ya samo tushe.

Laccar Kassel da rabe-raben zaman tare

De Bary bai yi da'awar shi ya fara komai ba. A 1875 masanin dabbobi na Beljiyam, Pierre-Joseph van Beneden, ya wallafa littafin da ya rarrabe masu cin jikin mai masauki da masu cin ragowar abincinsa da masu musayar amfani da shi. A 1877 kuma Albert Bernhard Frank ya yi amfani da kalma mai kama da simbiyosis a kan laikin. Gudummawar de Bary ita ce ya tara waɗannan duka a ƙarƙashin inuwa ɗaya, ya shigo da ƙananan halittu cikin lissafin, ya kuma cire hukuncin kirki ko mugunta daga ma'anar kalmar. An buga laccar a matsayin ɗan littafi a 1879.

Idan aka bi wannan tsari, zaman tare iri uku ne manya. Na farko zaman kaska, inda ɗaya ke ƙiba ɗaya na ramewa, kamar tsatsa da alkama, ko ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ɗan Adam, ko ƙwayar sammore da shanu. Na biyu zaman cin albarkaci, irin wanda Bahaushe ya siffanta da ƙadangaren da ke shan ruwan kasko albarkacin kaza: ɗaya na amfana, ɗayan bai rasa komai ba, kamar yawancin bakteriyar da ke zaune a fatar mutum. Na uku zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, inda kowa ke samu, kamar ƙananan halittun da ke tumbin saniya suna narkar mata da ciyawar da ita kanta ba za ta iya narkarwa ba, ita kuma tana ba su ɗumi da abinci.

Cikin misalan da ya kawo a Kassel akwai wani ɗan tsiro mai yawo a kan ruwa, azola, wanda a cikin kowane ganyensa akwai ɗan rami da wata shuɗiyar gansakuka ke zaune, ba a raba su duk inda aka same shi a duniya. Daga baya aka tabbatar cewa baƙuwar, wadda yanzu ake lissafawa cikin bakteriya, tana kamo sinadarin naitirojin daga iska tana ciyar da mai gidan. Manoman shinkafa a Sin da Biyetnam sun daɗe suna amfani da azola a matsayin taki tun kafin a san dalili.

Abu mafi muhimmanci a koyarwarsa shi ne cewa babu katanga tsakanin waɗannan rukunoni. A babban littafinsa na 1884 ya bambanta halittun da ba sa rayuwa sai a jikin mai rai, da waɗanda ke cin ruɓaɓɓen abu amma su kama mai rai idan sun sami dama. A 1886 ya nuna yadda wata fumfuna mai ruɓar da kayan lambu ke fitar da ruwan da ke narkar da bangon ƙwayoyin shuka kafin ta shiga, kuma tana buƙatar ta fara ƙoshi da mataccen abu kafin ta iya kai hari. Likitanci ya tabbatar da wannan ƙa'ida a jikin mutum. Bakteriyar da Theodor Escherich ya siffanta a 1885 daga hanjin jarirai tana zaune lafiya a hanjin kowa, amma idan ta ɓata hanya ta shiga mafitsara sai ta zama cuta. Haka fumfunar da ke zaune shiru a baki da hanji kan yi ƙarfi ta addabi mutum idan garkuwar jikinsa ta yi rauni, ko idan maganin kashe bakteriya ya share maƙwabtan da ke taka mata burki.

Malamin malamai

A 1867 de Bary ya koma Jami'ar Halle, ya kuma karɓi aikin editan babbar mujallar ilimin tsirrai ta Jamus. Bayan yaƙin Faransa da Jamus na 1870 zuwa 1871, Jamus ta ƙwace yankin Alsace ta sake kafa Jami'ar Strasbourg a 1872. Aka naɗa shi shugabanta na farko, ya gina cibiyar nazarin tsirrai da lambun bincike a can. Duk da zafin siyasar wurin, ɗakin gwajinsa ya zama mahaɗar ɗalibai daga Turai da Amurka da Japan. An san shi da barin ɗalibi ya zaɓi matsalarsa, da ƙin yarda da duk wani sakamako da ba a bi halitta daga iri zuwa iri ba.

Ayyukan almajiransa kaɗai sun isa tarihi. Mikhail Woronin na Rasha, wanda ya yi karatu a wurinsa a Freiburg, ya ga ƙwayoyi masu kama da bakteriya a cikin kumburin saiwar dangin wake a 1866. Alexis Millardet na Faransa ya fito da haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa a 1885 domin ceton gonakin inabi, haɗin da daga baya ya zama maganin feshi na farko da ya yi tasiri a kan cutar dankali. William Farlow ya kai wannan ilimi Jami'ar Harvard. Andreas Schimper, a 1883, ya yi hasashen cewa korayen ƙwayoyin da ke cikin ganye, masu haɗa abinci da hasken rana, mai yiwuwa asalinsu baƙi ne da suka zauna a cikin ƙwayar shuka, hasashen da Lynn Margulis ta farfaɗo da shi a 1967 kuma kimiyya ta amince da shi. Sergei Winogradsky ya zo Strasbourg a 1885, ya gano bakteriyar da ke samun ƙarfi daga sinadarin farar wuta, ya zama ɗaya daga cikin iyayen ilimin ƙananan halittun ƙasa.

Shekarun ƙarshe na rayuwar de Bary sun zo daidai da tabbatar maganarsa daga wasu hannaye. Ma'aikatar gona ta Furusiya ta ɗora wa Frank binciken yadda za a noma wani naman kaza mai tsada da ke girma a ƙarƙashin ƙasa. Bai samo hanyar noman ba, amma a 1885 ya dawo da abin da ya fi shi daraja: saiwoyin manyan bishiyoyin daji lulluɓe suke da fumfunar da ke ɗebo musu ruwa da ma'adinai. Yau an san mafi yawan tsirran duniya suna da irin wannan abota. A 1886 Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth suka sanar cewa dangin wake na samun naitirojin daga iska ta hanyar halittun da ke cikin kumburin saiwarsu, kuma a 1888 Martinus Beijerinck na Holan ya ware bakteriyar ya rene ta ita kaɗai.

De Bary bai ga ƙarshen wannan ba. Wani ƙari ya fito masa a muƙamuƙi, aka yi masa tiyata mai tsanani, ya mutu a Strasbourg ranar 19 ga Janairun 1888, saura mako guda ya cika shekara 57.

Gadon da ya shafe mu

Cutar da ya tona asirinta tana nan a Najeriya. Manoman dankalin Turawa a Jihar Filato, a wurare irin su Bokkos da Mangu, suna fama da ita duk damina mai yawan ruwa da sanyi, kuma matakan kariya su ne waɗanda bincikensa ya nuna: iri mai tsabta, kawar da shukar da ta kamu, feshi kafin cutar ta kama, da nau'o'in da ke jure mata. Gwamnatin da ta raba irin dankali ba tare da tantance lafiyarsa ba tana iya raba cuta da hannunta.

Ɓangaren abota ma yana gonakinmu. Manomin da ke shuka wake ko gyaɗa a tsakanin gero, ko yake barin gawo a tsakiyar gonarsa, yana cin moriyar bakteriyar saiwa ko da bai san sunanta ba. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, IITA, tana samar da garin bakteriyar da ake cuɗawa da irin waken soya kafin shuka. Ita ce kuma ta fito da Aflasafe, wanda ya dogara da wata alaƙar dabam, wato gasa: ana watsa nau'in fumfunar da ba ta da dafi a gonar masara ko gyaɗa, ta riga mai dafin kama wuri, ta rage gubar da ke lalata hanta kuma take sa a mayar da kayanmu daga kasuwannin waje.

A fannin lafiya, sayar da magungunan kashe bakteriya barkatai, ga mutane da kaji da shanu, yana tafiya ne a kan tsohon zaton cewa duk ƙaramar halitta maƙiyiya ce. Kowane shan da ba dalili yana kashe masu amfani tare da masu cutarwa, yana kuma bar wa masu taurin kai fili su yaɗu. Jami'in da ke rubuta takardar manufa a kan taki, ko maganin feshi, ko rabon iri, ko dokar sayar da magani, yana yanke hukunci ne a kan alaƙoƙin da ido ba ya gani. Tambayar da de Bary ya yi wa dankali da alkama da laikin ita ce ta dace a fara yi kafin a sa hannu: wa ke zaune da wa, me kowannensu ke samu, kuma me zai faru da sauran idan aka kawar da ɗaya?